Abin da Ya Sa Ba a Cire Miki Beli Ba

Salamu, bari in fara da wautar da na tafka, don in na bar ta sai ƙarshe zan yi mata kwalliya har ta koma abin yabo, kin kuwa san halin yayanki. Kina da kwana biyu a duniya na tsaya a kanki kina tsala kuka, kin wangame baki kamar ƙofar rumbu, na leƙa ciki na ce belinki ya kai wutsiyar jakinmu tsawo. Beli shi ne ɗan naman nan da ke reto a can ƙarshen baki. Wallahi ban ga komai ba. Bakinki bai fi bakin buta ba, ciki kuma duhu. Na faɗa ne don matan da suka zo barka su yi dariya, suka kuwa yi, har wata ta ƙware da kunu. A cikin na zaune mutum ɗaya ce ba ta yi ba, wato Kaka, mahaifiyar Abbanmu, wadda idonta ya dushe tun ina ƙarami ta mai da ni idonta. Ni ke gaya mata ko akuya ta shiga madafa, ko hadari ya haɗu a gabas, ko baƙon da ya yi sallama ya zo da tsaraba ko hannu ya zo yana lilo da shi. Duk garinmu an san in Shaibu ya ce goma, to uku ne. Kaka kaɗai ke karɓar gomata a cike.

"Mai gida, da gaske kake?" in ji ta. Haka take kirana, ni kuma in ce mata amarya.

"Ke dai amarya, har share mata harshe shike yi."

"To, a kira Nomau wanzami. Gobe da sahe."

Na waiwaya don in ga ko Inna ma na dariya, sai na ga ta tsaya cak da ludayi a hannu, ta zuba mini ido. A nan na tuna abin da ta gaya mini makonni kafin nan, wanda na ji da kunne ɗaya saboda ina cikin kwaikwayon tafiyar liman.

Sai na koma baya kaɗan kafin ki gane. Ni da Inna da Abba muna ɗauke da ƙwayar cutar sida, wato ƙanjamau. Abba na zuwa Abijan cin rani bayan kaka kamar yawancin mazan Adar, wata shekara ya dawo ya rame, in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa. Ni kuma ina ta tari, ƙuraje sun cika mini jiki, duk ajinmu a lekwal, wato makarantar boko, babu wanda na fi tsawo sai bencin zama. Aka kai mu asibitin mishan da ke bakin babbar hanya, aka ɗebi jininmu, aka same ta a jikinmu mu uku. Likita ya ce ni wajen haihuwa na samo ta ko wajen shan nono, don a ɗaki Inna ta haife ni, ba ta taɓa zuwa awo ba, babu kuma wanda ya san tana da wani abu. Tsakanina da ke akwai yara biyu, Abdu da Hassi, duk sun rasu ba su fara tafiya ba. Aka ɗora mu kan magani. Abba ya murmure ya yi ƙiba har masu kabu-kabu suka fara kau da kai in sun hango shi. Kaka ta tabbata baƙar akuyar da ta sa aka yanka a gindin dutse ce ta yi aiki, yadda ubanta ke yi kafin gidansu su kama salla. Abba ya ce a bar ta a haka, ya kuma ce duk wanda ya buɗe baki a cikinmu ya kashe gidan. Ya koma Abijan yana karɓar nasa maganin a can, ya bar ni da Inna. Kullum bayan magariba mukan shiga ɗaki mu saki labule, ta miƙo mini tawa ta ɗauki tata, mu kora da ruwa kofi ɗaya. Ƙungiya ce ta mutum biyu, ba shugaba, ba tuta.

A lekwal Rediyo ake ce mini. Na lura tun da wuri cewa wanda ke ba mutane dariya ba a tambayarsa inda yake zuwa duk ƙarshen wata. Ranar da mushe, malaminmu, ya yi mana darasin sida, ni na fi kowa surutu, na tashi na kwaikwayi tafiyar mai ciwon har yara na faɗuwa daga benci. Da aka tashi na bi ta cikin gonakin albasa ni kaɗai, na isa gida bayan kowa.

Abba ya zo ya yi damina ya koma, Inna ta wayi gari da cikinki. Ba ta yi murna ba, tsoro ta ji, ta yi kwanaki tana daka ba ta magana. Da yake mijinta ba ya nan, ni na riƙa raka ta awo a Madawa. Ungozomar likita, wadda kowa ke kira Madam, mace ce mai murya kamar ta direban tirela, amma in ta rufe ƙofa sai muryar ta koma ƙarama. Ta san ni, don a gininsu nake karɓar maganina, sai ta ce in shigo in ji, kunne huɗu ya fi biyu riƙe magana. Ta ce in Inna ta sha maganinta kullum ba fashi, ƙwayar za ta kwanta a jininta ta yi ƙasa sosai, da wuya ta kai ga abin da ke ciki. Ta ce a zo nan a haihu, za a ba jaririn wani siro, maganin ruwa, ya sha na ƴan makonni. Ta ce nono kaɗai har wata shida, ban da ruwa, ban da nonon akuya, ban da bauri, wato jiƙon itatuwan nan da tsofaffi ke ɗura wa jarirai. Sannan ta ɗaga yatsa.

"Kuma kada ƙarhen wanzami ya shiga bakinta. Ciwo a bakin jariri ƙofa ce, ga shi kuma tana shan nono. Mun rufe ƙofofi duka, kada ku buɗe wannan da hannunku."

Inna ta riƙe. Watannin da ko warin albasa ke tayar mata da zuciya, a garin da albasa ce iskar da muke shaƙa, ba ta tsallake magani ko sau ɗaya ba. Ta kuma fara lallaɓa Kaka a hankali, yau ta dama mata fura mai kyau, gobe ta tsefe mata kai, tana saka maganar likita kaɗan-kaɗan ba tare da ta faɗi dalili ba. Suruka ba ta ce wa uwar miji a'a, sai dai ta zagaya. Daga ƙarshe Kaka ta yarda da rabi. Ta ce in aka haihu aka ga belin gajere ne, a bar shi sai an yaye, in kuwa dogo ne, ko likitan ya zo da sojoji sai an cire. Wa zai duba mata tsawonsa? Idonta, wato ni. Wannan ce maganar da Inna ta gaya mini ina kwaikwayon liman.

Da matan barka suka watse na je na durƙusa gaban Kaka.

"Amarya, wasa nike. Ban ga komi ba."

"Ɗazu ka yi gaskiya, yanzu kake ƙarya. Uwarka ta zare maka ido. Ban gani ba, amma na ji ɗakin ya yi shiru."

"Na rantse miki."

"Kada ka rantse. Abdu anka yi jinkirin cire mashi, ka ga inda yake yau. Na wanke jikoki biyu da hannuna, Shaibu. Ba ni wanke ta ukku."

Ba ta ce mai gida ba. Kada ki taɓa ɗauka muguwa ce, Salamu. Sonki take yi da abin da ta sani, abin da ba ta sani ba kuwa mu muka ɓoye mata.

Na ari salula na kira Abba. Bayansa ana ta hayaniyar kasuwa da hon na motoci. Na gaya masa a gurguje, ya ce mu lallaɓa ta, kada mu gaya mata komai, don in tsohuwa ta ji za ta fasa kuka har unguwar kasuwa ta ji dalili. Na ce lallaɓa ta ƙare. Ya ce ni ne namiji a gidan, layi ya katse. Na shiga wajen Inna, ta fito daga wankan jego jikinta na tururi, kina kwance a cinyarta kina mutsu-mutsu. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Ta ce ita ba ta da ƙafar fita, ba ta da bakin musu, in na iya wani abu in yi.

Bayan la'asar na tafi wajen Baba Nomau. Shi ne wanzamin gidanmu, ubansa ya yi wa Abba kaciya, shi ya yi mini. Yana zama gindin wani itacen bedi a bakin kasuwa, zabirarsa rataye a reshe. Tun ina ƙarami nake zuwa aski wurinsa, ya kama kaina da tafin hannunsa mai kaushi yana juya shi kamar mai zaɓen kankana, ni ina ba shi labarin ƙarya yana dariya har sai ya ɗaga askar don kada ya yanke mini kunne. In an gama mu sha fura ƙwarya ɗaya, ludayi ɗaya, ya sha ya miƙo mini. Tun da Abba ya koma tafiye-tafiye, hannun namiji ɗaya da ke taɓa kaina ke nan. Na tarar ya kafa wa wani tsoho ƙaho a baya, na zauna na fara aiki. Na ce Kaka ta ɗage maganar sai bayan suna. Ya ce ɗazu ta aiko masa da goro. Na ce na sake dubawa, ashe yarinyar ba ta da beli sam, abin al'ajabi, likitoci ma daga Yamai za su zo kallo. Ya ce to shi ma zai zo kallon. Na ce Madam ta sa miki wata na'ura a maƙogwaro, ƙarfe na taɓa ta jandarma za su ji ƙara a ofishinsu. Tsohon da ake wa ƙaho ya yi dariya har ƙaho ɗaya ya faɗo.

"Rediyo, wace tasha ka kamo yau?" in ji Baba Nomau.

Na jira tsohon ya sa rigarsa ya tafi. Ƙaryata ta ƙare, abin da bai taɓa faruwa ba tun da na iya magana. Saura abu ɗaya a bakina, shi ne wanda Abba ya ce zai kashe gidan. Na san in na faɗi nawa na faɗi na Inna, na faɗi na Abba, na kuma san wanzami na shiga kowane gida a garin nan. Amma na san gobe da safe zai zauna a tsakar gidanmu ya buɗe zabira. Sai na matsa kusa da shi na faɗa, a hankali, ina kallon tururuwa a ƙasa. Na gaya masa sunan ciwon, na gaya masa abin da Madam ta ce game da ƙofa.

Yana wasa aska a kan fata. Hannun ya tsaya.

"Wagga ma Rediyo ce?"

"Baba, ka taɓa ganin na ba da labari ban yi dariya ba?"

Ya dube ni ya daɗe. "Tun yaushe?"

"Tun haihuwa."

"Kuma ina ta aske ka."

Na gaya masa ina shan magani, ƙwayar a kwance take. Na gaya masa ba a ɗauka a fura, ba a ɗauka a gaisuwa, aska kuwa kowa ma ya kamata a sa masa sabuwar reza. Yana ta gyaɗa kai. Ya naɗe askar ya sa a zabira, ya ce in tahi gida. Bai ce zai zo ba, bai ce ya fasa ba. Ban gaya wa Inna abin da na yi ba sai daga baya.

Da hantsi ya yi sallama. Aka shimfiɗa masa tabarma, Kaka ta zauna kusa, maƙwabta biyu suka leƙo. Aka miƙa masa ke. Inna na bakin ƙofa ta dafe bango, ni ina tsaye kusa da turmi. Ya wanke hannu, ya juya ki wajen rana, ya jira kika buɗe baki da kanki, ya leƙa ya daɗe yana kallo. Zabirar na gefensa a ɗaure.

"Iya, wa ya ce miki dogo ne?"

"Mai gidana ya gani."

"To, kina da ido, amma idon naki maƙaryaci ne. Wanga beli bai ko nuna ba. In na sa ƙarhe yanzu, jini zan taɓa. A bar shi sai an yaye ta." Ya miƙa ki ga Inna, ya ƙara da cewa, "Kuma kada a ɗura mata bauri, ko ruwa. Nono kaɗai. Shi ke hana shi tsawo."

Wannan ta ƙarshen daga kansa ya ƙago ta, ya kuma faɗe ta da fuskar da ko ni ban iya ba. Abin da Madam da takardunta da Inna da furarta suka yi watanni suna nema, Kaka ta karɓa nan take, don wanzami ne ya faɗa. Ta lalubo mafici ta kwaɗa mini a ƙafa, ta ce in ba ta takardarta, aure ya mutu, ba ta zama da miji maƙaryaci. Kowa ya yi dariya, har ni. Amma daga ranar ƴar maƙwabta take kira ta duba mata hadari. Baba Nomau ya ɗauki zabirarsa ya fita, bai dube ni ba.

Ranar suna ya zo ya aske miki kai da sabuwar reza, a hankali, ko ƙwarzane babu. Bayan nan gashina ya taru, na je gindin bedi na zauna a inda na saba, na miƙa kai. Ya ce hannunsa na ɗan rawa kwanan nan, in je wajen masu inji a Madawa, ai samari can suke zuwa yanzu. Ina zaune wani ya zo, ya aske shi tas, hannu bai yi rawa ba. Da aka kawo fura sai ya miƙa hannu jikin bedi ya ciro wani kofin roba shuɗi, sabo fil, rataye a ƙusa. Ya zuba mini a ciki, ya cika shi har baki, ya fi abin da nake samu a ƙwarya. Da kuɗinsa ya saya, don ni. Na sha, na ba shi labarin wani raƙumi da ya shiga motar garin Buza ya nemi kujerar gaba, ya yi dariya, sai dai dariyar na zuwa a makare kaɗan, kamar mai tunanin wani abu. Na so in yi fushi da shi, na rasa ta inda zan fara. Bai gaya wa kowa ba, ko matarsa. Har yau in na wuce ya kira ni, ya ciro kofin.

Sauran kuwa jira ne. Kika sha sironki, kina tofar da rabi muna mayarwa. Aka soki diddigenki aka ɗebi jini, sakamako ya zo da kyau, Madam ta ce kada mu yi guɗa tukuna, sai an yaye ki an sake dubawa. Inna ta shayar da ke tana shan maganinta, ni na zama mai gadin bakinki, duk tsohuwar da ta matso da ludayi sai in ɗauke ki in ce kin yi kashi. Da kika wuce shekara da rabi, an yaye ki, muka koma. Madam ta rufe ƙofa, ta duba takardar, ta ce babu, kuma wannan shi ne na ƙarshe. Inna ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa ta rufe fuska. Ni na fito waje. Labari mafi daɗi da na taɓa samu a rayuwata, gaskiya tsantsa ba ƙari, ga tasha cike da mutane, ga ƴan ajinmu biyu suna sayen rake, Rediyo kuma ba shi da wanda zai gaya wa. Da muka iso gari na biya ta gindin bedi.

"Baba, lahiya lau take. Sun ce babu."

"Alhamdu lillahi," in ji shi. Ya sake faɗa. Sannan ya miƙa hannu wajen ƙusa.

Yanzu kina tafiya, kina bin mu ko'ina. Bayan magariba in mun saki labule sai ki kutso ki tsaya tsakaninmu ki buɗe baki, ke ma a ba ki. Inna ta sa miki ɗan guntun ƙuli-ƙuli, ki haɗiye da ƙyar kina ɓata fuska yadda kika ga ina yi. Nakan kore ki in ce ƙungiyar nan ta cika, ba a ɗaukar sababbi. Kina kuka don an hana ki shiga. Ni kuma ina murna, ina kuma jin wani abu da ban san sunansa ba, don na gane a cikin ƴaƴan Inna ni kaɗai zan zauna bayan labulen nan.

Da aka yaye ki Kaka ta tuna da alkawari ta aika wa Baba Nomau, ya aiko cewa lokaci ya wuce, ya riga ya yi ƙwari, a bar shi. Belinki na nan. Na duba shi da rana tsaka kina hamma, bai kai ƙwayar wake ba. Ba ki da cutar. Kaina kuwa Inna ke aske mini, a bayan ɗaki, da reza.